Layin Safe da Kaset ɗin Baba Direba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. A aji shida karatuna ya tsaya, kuma ni ba mai magana ba ce, ko a gida sai a yi awa guda ba a san ina ɗakin ba. Amma abin ya ƙi sakina, gara in zuba shi a takarda ko na samu in huta.

Ina aiki a shagon Kawu, ƙanin Mamata. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da gilashin ido. Aikinmu shi ne juya tsofaffin kaset da bidiyon biki zuwa kwamfuta, mu sa wa mutane a katin waya. Mu uku ne. Kawu yana zama bakin ƙofa yana karɓar aiki. Mijin 'yarsa shi ke yin bidiyo, kowa Walƙiya yake ce masa, don ko shayi ba ya iya jira ya huce. Ni kuma kaset ne nawa. Kwamfutar guda ɗaya ce, tsohuwa, ni da safe, shi da rana.

Kafin in zo shago nakan yi wanki, in ɗora abinci, in shafa wa Mama magani a ƙafafunta da suke kumbura, sannan in hau mota biyu. Ina isowa na riga na gaji. Daga nan sai in sa abin ji a kunne in wuni ina sauraren bikin mutanen da ban sani ba, da muryoyin waɗanda suka daɗe da rasuwa. Idan na cire shi da rana, kunnuwana zafi suke yi kamar an murɗe su.

Shagonmu yana da doka ɗaya, dokar fanka. Shekara huɗu da suka wuce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone wa Kawu kwamfuta, har yau idan ya tuna sai ya yi tsaki. Tun daga ranar ya mayar da kujerarsa ƙarƙashin makunnin bango. Da zarar fankar sama ta rage gudu, ko ƙwan fitila ya dusashe, sai ya miƙa hannu ya buga makunnin ya kashe komai. Ba ya ko ɗaga kai. Na taɓa ganin ya yi haka yana tsakiyar hamma.

Saboda wannan dokar aiki ya riƙa ɓace mana. Ka ajiye abu, kwamfuta ta ce ta ajiye, wuta ta dawo ka tarar babu. Sai Kawu ya kira wata mai gyara, muna ce mata Anti Injiniya, gajeruwa ce mai babur da jakar baya. Ta roƙi Kawu ya bar kashewa ta bango, ya ce ko limami ne ya roƙe shi ba zai bari ba. Ta ce to a sayi batirin riƙon wuta, ya ce sai Allah ya hore. Sai ta juyo wurina ta tambaye ni ko ina da ƙanwa. Na gyaɗa kai.

"Idan kika ce ta kai kwano kicin, kika tambaye ta ko ta kai, me take cewa?"

Na ce, "Na kai."

"Alhali kwanon yana ina?"

"Yana hannunta."

Ta ce to haka faifan ajiyar kwamfutar nan yake. Yana da ɗan wurin riƙo da ake kira kesh. Idan aka ba shi abu sai ya riƙe a nan ya ce ya ajiye, don a ga yana da sauri, sai ya samu sarari sannan ya kai ciki. Ita ma kwamfutar kanta tana irin wannan riƙon. Idan wuta ta ɗauke abin yana hannu, ya zube ke nan.

Ta nuna mini yadda ake buɗe baƙin allo, inda babu hoto sai rubutu, ta rubuta mini layi biyu a bayan kwalin shayi. Na farko shi ne sudo hdparm -W0 /dev/sda, wannan da safe, yana hana faifan riƙe abu a hannu. Na biyu kalma ɗaya ce, sync, wannan bayan kowace ajiya, yana tilasta wa kwamfuta ta kai duk abin da ta riƙe ciki, kuma kar in taɓa komai sai ɗan farin ɗigon ya sauko sabon layi. Ta ce faifan yana manta layin farko duk lokacin da aka kashe shi, saboda haka kullum sai an sake. Akwai yadda za a sa ya daina mantawa, amma tana sauri, za ta dawo ran Asabar ta yi. Na manna kwalin a gefen allo da baƙin salatif. Asabar ɗin ta kai shekara ɗaya da rabi ba ta zo ba.

Ni dai kullum ina yi. Harafi ɗaya bayan ɗaya, da yatsa guda, ina duba kwali ina duba allo. Aiki ya daina ɓacewa. Sai dai kwamfutar ta ƙara nauyi wajen kwafe manyan bidiyo, abin da ke ƙona ran Walƙiya ke nan. Idan ya shigo ya tarar da ni a baƙin allo sai ya cire hula ya ce a yi shiru, Malama tana wuridi. Wani lokaci ya ce in sa shi a ciki, yana neman sabon babur. Yakan ce bidiyon da a da yake kwafewa kafin ya shanye shayi, yanzu sai ya ci abinci ya yi sakace. Ban taɓa amsa masa ba. Na san dalilin layin, amma duk sanda na buɗe baki in faɗi maganar ƙanwa da kwano, sai in ji kamar wauta ce.

Wata safiya ya yi barkwancin a gaban wasu mata biyu da suka kawo bidiyon suna. Suka yi dariya, ɗayar har da dafa kafaɗar ɗayar. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Amma washegari da na kunna kwamfuta na kalli kwalin, sai na ce yau kaɗai zan bari. Ranar nan bidiyo ya yi gudu, Walƙiya yana fito, Kawu ya ce kwamfuta ta samu lafiya. Babu wanda ya tsokane ni. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Yau kaɗai ɗin nan ta zama kwana goma sha ɗaya. Layi na biyu kam ban bari ba, shi gajere ne, ana yinsa ba wanda ya lura.

A rana ta goma sha ɗayan ne Baba Direba ya zo. Dogon tsoho ne da ya ɗan ranƙwafa, yana tafe yana riƙe da gwangwanin biskit a ƙirji. Bayan sun gaisa da Kawu ya buɗe gwangwanin, ya warware hankici, sai ga kaset guda ɗaya, takardar jikinsa ta koma ruwan ƙasa. Ya ce shi direban babbar mota ne a da, yakan yi wata uku huɗu bai ga gida ba. Matarsa ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa yi masa magana a kaset, ta ba wani direba ya kai masa, shi kuma ya saurara a mota. Guda tara ne, yoyon rufi ya cinye takwas. Ita kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Jikokinsa ba su san muryarta ba, shi ma kansa, in ji shi, ta fara yi masa nisa.

Kawu ya sa tabarau ya juya kaset ɗin da biro a hankali. Zaren ya yi fari-fari da danshi, kuma wuri biyu an taɓa haɗa shi. Baba ya ce ita ta haɗa da kanta, da jan farce. Kawu ya gaya masa gaskiya, zaren ya ruɓe, zai iya bi ta cikin inji sau ɗaya, bayan nan babu tabbas. Baba ya ce sau ɗayan yake nema. Sannan ya dube ni ya ce, "'Yata, ke za ki yi?" Na ce e, kaina a ƙasa.

Ya roƙi a sa a lasifika ya ji. Na jawo masa kujerar roba kusa da ni, na goge kan injin da auduga, na danna ɗauka a kwamfuta, na danna kunnawa. Da farko shuuu kawai ake ji. Can sai wata murya siririya mai ɗan kaushi ta ce, "Mai Mota, kana jina?"

Baba ya ce, "Ina ji." A hankali ya faɗa, ban ce ya san ya faɗa ba.

Minti talatin da takwas ta yi tana magana. Ba wani babban abu ta ce ba. Ta gaishe shi da gajiya, ta ce ƙaramar ta fara haƙori tana cizon kowa, maƙwabci ya ari tsani bai mayar ba, taga ta ɗakin tsakiya ta ƙi rufuwa. Ta yi masa faɗa a kan tari, ta ce ta san bai bar sigari ba, kar ya yi mata rantsuwa, tana jin warinta a rigunansa. Kowane ɗan lokaci sai ta sake cewa Mai Mota, kana jina. A tsakiya kaza ta shiga ɗaki, ta tashi korarta ta manta inji yana ɗauka. Kusan minti huɗu babu magana, sai ƙarar kwanuka daga nesa da kukan yarinya da iska tana buga tagar nan. Sannan takun ƙafa ya dawo, ta tsaya, ta ce, "Au, ashe kana nan," ta fashe da dariya har da tari.

Baba ya rufe fuska da hankicin. Walƙiya da ya shigo yana kaɗa makulli ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya sa makullin a aljihu.

Ina sauraro ina kallon tagar injin. Baƙin gari yana zuba daga zaren kamar toka. Da ta yi sallama ta ce Allah ya tsare hanya, ko minti ɗaya ba a yi ba zaren ya tsinke ya naɗe a jikin ƙarfe. Kawu ya zaro shi da biro, ya ɗaga wa haske, ana hango bango ta cikinsa. Duk abin da ke riƙe murya ya goge. Ya ce Allah ya taimaka mun riga mun ɗauka.

Na danna ajiye. Ɗan akwatin rubutu ya fito a allo ya ce an ajiye. Baba ya tashi yana ta sa albarka, ya ce katin waya yana wurin 'yarsa, gobe da safe zai zo da shi. Ya mayar da mataccen kaset ɗin cikin hankici ya fita. Na buɗe baƙin allo don layi na biyu. Na buga s, na buga y. Sai na ji ƙarar fanka ta canza.

Wannan wurin ne ya sa na so in fasa rubutun. Fanka ba ta tsayawa nan take. Na ga hannun Kawu ya bar kofi, na ga ya tashi sama. Akwai lokacin da zai ishe ni in ce Kawu, tsaya. Kalma biyu. Na buɗe baki, muryata ba ta fito ba, don ban taɓa ce wa Kawu ya tsaya ba a rayuwata. Makunni ya yi ƙas, allon ya mutu.

Na zauna ina gaya wa kaina ai akwatin ya ce an ajiye. Wuta ba ta dawo ba har azahar. Zafi ya cika shagon, Kawu yana fifita da jarida. Na fita sayen maganin Mama, layi ya riƙe ni a kantin magani. Da na dawo wuta ta zo, Walƙiya ya riga ya kunna kwamfuta yana zuba bidiyon wani biki a ciki. Na tsaya a bayansa ina murza bakin mayafi har ya gaji ya ce, "Malama, ko wuridin rana aka ƙaro?" Na ce ina son duba abu ɗaya. Ya matsa.

Sunan yana nan yadda na rubuta shi, Baba Direba. A gefensa, inda ake nuna girman abu, sifili ne. Na danna, babu ko shuuu ɗin.

Ban yi kuka ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini gaba ɗaya. Walƙiya ya leƙo ya gani, ya yi salati a hankali. Kawu ya taso ya sa tabarau ya daɗe yana kallon sifilin, ya tambaye ni ko na ajiye. Na ce na ajiye. Ya koma kujerarsa yana kallon tafin hannunsa. Walƙiya ya ce abin mai sauƙi ne, gobe a gaya wa tsoho kaset ɗin ne bai ɗauku ba, ai da bakinsa Kawu ya ce ya ruɓe, kuma tsohon ya ji muryar sau ɗaya, ba a cuce shi ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi so yake kowace magana ta ƙare da wuri.

Ni tsoron waya nake yi, ko Mama ce ke son in kira mata wani sai na ba ƙanwata. Amma na ce wa Kawu ya ara mini tasa. Ya miƙo yana kallona kamar bai gane ni ba. Da Anti Injiniya ta ɗauka na rasa ta inda zan fara, sai ta ce in yi numfashi. Na gaya mata. Abu na farko da ta ce shi ne a daina zuba komai a kwamfutar, yanzu yanzu. Na juya na ce wa Walƙiya ya tsayar da bidiyonsa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskata, ya tsayar.

Bayan la'asar Anti ta iso, da ƙura a gira da jakarta a baya, ita ma da alama ta wuni a tsaye. Ta kashe kwamfutar ta tayar da ita daga wani filas nata, ɗan ƙaramin abin ajiya da ake soka wa kwamfuta, don kar a ƙara taka abin da ya rage. Ta bayyana mana cewa manhajar ɗaukar murya tana zuba aiki gutsure-gutsure, idan aka ce ajiye sai ta haɗa su wuri ɗaya ta share gutsattsarin. Sharewar ta isa ciki, haɗaɗɗen kuma yana hannu aka kashe wuta. Abin da aka share ba ya gushewa nan take sai an rubuta wani abu a kansa. Ta tambayi me aka zuba tun da wuta ta dawo. Walƙiya ya ce rabin biki. Ta dube shi ta ce Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya.

Tana buga layuka a baƙin allo, ba ta ko kallon yatsunta, sai ta ga kwalin shayin a gefe. Ta taɓa salatif ɗin da ya fara ɓanɓarewa. Ta ce tunda an kashe an kunna, faifan ya koma yadda yake, ba yadda za ta gane ko an sa layin safe yau. Sai ta tambaye ni.

Da na ce na sa, da babu mai sani har abada. Kawu yana ji, Walƙiya yana ji. Na ce, "Ban sa ba, Anti. Yau kwana goma sha ɗaya."

"Me ya sa?"

Walƙiya ne ya ce, "Ni ne. Ni ke damunta." Ya cire hularsa ya mayar.

Na tambaye ta ko da na sa, da muryar ta tsira. Ina so ta ce a'a. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sani ba. Layi na biyun da ban ƙarasa ba shi ne babba, amma tare aka yi su, da na farkon yana nan wataƙila da abin da ya zube bai kai haka ba. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ita ma tana da Asabar ɗin da ba ta zo ba. Kawu daga bakin ƙofa ya ce shi kuma yana da hannu. Babu wanda ya yi dariya.

Ta kunna wata manhajar nemo abin da aka share, manhajar ta yi ta aiki kusan awa biyu. Muna zaune muna kallon lambobi suna hawa, kowa yana satar kallon fanka. Sau ɗaya ta ɗan rage gudu, hannun Kawu ya motsa, sai ya kama shi da ɗayan ya danne a cinya. Abin da ya fito tarin gutsattsari ne marasa suna, ɗaruruwa, mafi yawa kiɗan bikin wasu ne. Anti ta ce ita ba ta san muryar ba, kuma ba ta san me ya zo kafin me ba. Ni na sani. Na sa abin ji a kunne na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, wannan nata ne, wannan ba nata ba, wannan bayan maganar tsani yake zuwa. Da muka jera su suka kama minti goma sha huɗu cikin talatin da takwas. Akwai gaisuwar farko, akwai faɗan sigari, akwai minti huɗun nan na ɗaki babu kowa, cif, ko ɗaya bai ɓace ba. Takun ƙafa ya dawo, ta tsaya. Daga nan ya yanke.

Kafin Anti ta tafi ta ce in zauna, yau za a yi aikin Asabar, kuma da hannuna. Ta karanto mini ina bugawa. Na buɗe wata takardar saiti a cikin baƙin allo, na gangara ƙasa, na rubuta sunan faifan da umarnin kashe riƙo, na ajiye. Ta ce daga yau duk sanda kwamfuta ta tashi, ita da kanta za ta gaya wa faifan. Ta nuna mini yadda zan tambaye shi in tabbatar, layin safe ne amma babu sifilin, idan ya amsa da sifili to lafiya. Layi na biyu kuma yana nan a wuyana. Walƙiya ya tambaya ko ke nan nauyin ya zauna har abada. Ta ce har sai surukinsa ya sayi batiri, ya je ya yi masa wuridi a kai.

A mota ta biyu ina tsaye, hannuna a ƙarfe, muryar matar ta riƙa dawo mini. Aikin kaset ya koya mini riƙe magana, ko ban so ba. Da na isa gida na shafa wa Mama magani, na karɓi ragowar littafin rubutun ƙanwata, na zauna a bakin ƙofa da fitila na fara rubuta abin da ya ɓace, yadda ta faɗe shi. Maganar haƙori, da taga, da wata mata da ta haifi tagwaye, da sallamar ƙarshe. Inda ban tabbata ba na bar fili. Mama ta tambayi ko makaranta na koma, na ce aiki ne. Bayan sallar asuba na ƙara shafi biyu da suka dawo mini. Duka suka zama shafi tara, da mummunan rubutuna.

Da safe na bar wa ƙanwata wanki, na riga kowa zuwa, na jira Kawu a bakin shago har ya zo da makulli. Na kunna kwamfuta na buɗe baƙin allo na tambayi faifan, ya amsa da sifili. Sannan na ɗauki kujerar Kawu na matsar da ita taku biyu daga makunnin, na ce masa idan fanka ta rage gudu ya fara tambayata. Wannan karon muryata ta fito. Ya kalli kujerar, ya kalle ni, ya zauna a inda na ajiye ta.

Baba Direba ya zo da katin a naɗe cikin takarda. Kawu ya yunƙura zai yi magana, na riga shi. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka ɓarna. Ba kaset ɗin ba ne, ya ɗauku duka. A hannuna ya zube." Na gaya masa abin da ya rage da abin da babu. Ya riƙa juya katin a yatsunsa. Sannan ya ce in tashi, in sa masa abin da ya samu.

Na sa. Ya saurari gaisuwar, ya saurari faɗan sigari yana gyaɗa kai. Minti huɗun ɗakin suka zo, kwanuka da kukan yarinya da taga, ya rufe ido. Takun ƙafa ya dawo ya tsaya, lasifika ta yi shiru. Cikin shirun Baba ya ce, "Au, ashe kana nan." Bai yi dariyar ba.

Na kwafe masa a katin, na buga sync, na jira har ɗigon ya sauko sabon layi kafin in zare. Sannan na fito da littafin na ce ga sauran, iya abin da na riƙe, akwai filaye a ciki. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙaramin rubutu, in karanta masa, inda na bar fili shi zai cike. Na jawo kujera kusa da shi, na cire murfin biro, na buɗe shafin farko na fara daga maganar haƙori.